Tsuntsu a Kan Azurfa: Sharhi a Kan Lambobin Tunawa da Tsuntsayen Ƙasar Gumel

Daga shekarar 1974 zuwa 1979 ƙasashe 24 na duniya suka shiga wani shiri na buga tsabar kuɗi ta musamman, mai ɗauke da siffofin dabbobi da tsuntsayen da ake jin tsoron ƙarewarsu. Ƙungiyoyi biyu masu kula da halittun daji, wato WWF da IUCN, su ne suka tsaya a kan shirin, aka kuma ba gidan ƙera kuɗi na gwamnatin Ingila aikin bugawa. Kowace ƙasa ta fitar da guda uku, biyu na azurfa ɗaya na zinariya, aka sayar wa masu sha'awar tara irin waɗannan kayayyaki, sa'an nan wani kaso na ribar ya tafi ga aikin kare namun daji. A 1976 Sudan ta sa tsuntsun nan na fadamun Kogin Nilu mai baki kamar takalmi, wanda Larabawa ke kira abu markub. A 1977 Gambiya ta sa dinya a kan azurfar dalasi 20. Ko da yake an rubuta wa kowace daraja kamar kuɗin kashewa, ba a yi su don cefane ba, saboda haka a wannan maƙala za a kira su lambobin tunawa, tare da 'yan'uwansu waɗanda ba a rubuta musu daraja ba.

Nijeriya ba ta cikin ƙasashen nan 24, kuma har yau ba ta da wani sanannen jerin lambobin azurfa na tsuntsayenta. Wannan rashi ya ba mu damar yin tambaya tun kafin a hura wuta: in da za a yi, wane tsuntsu za a ɗora, da wane suna za a kira shi, kuma a hannun wa lambar za ta kwana? An zaɓi a auna tambayar da ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin ƙasa ce da ta daɗe da sanin azurfa, tana bakin iyaka inda kuɗin ƙasashe biyu ke cuɗanya, kuma ta yi asarar manyan tsuntsayenta a cikin rayuwar mutanen da suke raye yanzu. Ra'ayin da za a kare shi ne, ƙimar siffar tsuntsu a kan ƙarfe tana rataye ne a kan ko ta isa hannun mutanen da suka san sunansa.

Azurfa a hannu

A watan Maris na 1851, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, Bature Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya tarar da babbar kasuwar kanwa, wadda fatake ke ɗauka daga nan har ƙasar Nufe. A nan ne kuma wasiƙu daga Turai suka riske shi, tare da dala biyu na azurfa bugun Sifen, waɗanda a halin babun da yake ciki ya gan su kamar wata babbar dukiya. A shekarar nan dala ɗaya tana canjin wuri 2,500 a Kano. Ke nan azurfar Turawa ta riga Turawan mulki zuwa Gumel da fiye da shekara hamsin.

Dalar da ta fi shahara a Borno da ƙasar Hausa ita ce ta Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Teresa. Nauyinta giram 28 ne da ɗoriya, azurfar da ke cikinta kashi 833 cikin 1,000. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga dalar da wannan shekara a jikinta, saboda mutanen Afirka da na ƙasashen Larabawa ba su yarda a sake mata kama ba. Abin lura shi ne irin rayuwar da ta yi a hannun jama'a. An biya kuɗin doki da ita, an binne ta a tukunya, mata sun huda ta sun jera a wuya da kitso, maƙeran fari sun narkar da ita sun yi zobba da mundaye da adon linzami. Ta gaji da yawo ta zama munduwa, munduwar ta shiga gado, magada suka sake kai ta maƙera. Har sunanta ya fi ta tsawon rai: a Nijeriya dala ta koma sunan sule biyu, a Nijar kuwa har gobe dala ita ce sefa biyar, kuma duk wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis zai ji mutanen Dungas da Magarya suna lissafin kuɗinsu da ita, sefa 100 ta zama dala ashirin.

To, a bayan wannan dala akwai tsuntsu. Gaggafa ce mai kai biyu, ta buɗe fikafikai, da garkuwa a ƙirjinta. Ita ce tsuntsuwar azurfa ta farko da talakan ƙasar nan ya riƙe, kuma tsuntsuwa ce da ba ta taɓa yin ƙwai ba, domin tambarin sarautar wani gida ne na Turai. Da aka sami mulkin kai sai ga wata ta zo, ja wur, tana tsaye a kan baƙar garkuwa tsakanin fararen dawaki biyu. Ita ma tambari ce, an ɗauko fasalinta daga al'adar tambura ta Turawa, ba wanda ya ɗauko ta daga dajin Nijeriya. Idan aka ɗauke ta, babu wani tsuntsu da ya taɓa hawa tsabar kuɗin da muke kashewa. Kuɗin Tarayya na 1959 sun ɗauki auduga a taro, koko a sisi, kwakwar manja a sule, gyaɗa a fataka. Na 1973, da aka koma naira, sun maimaita waɗannan amfanin gona suka ƙara da ƙarafan haƙar man fetur a kan kwabo. Manomin da ya kai gyaɗarsa tashar Gagarawa, a kan layin dogon da ya isa Nguru a 1930, an biya shi da kuɗi mai hoton gyaɗar da ya kawo. Wannan zaɓi yana da ma'anarsa, kuma ba ɓoyayya ba ce: ƙasa ta zana wa kanta abin da take sayarwa ƙasashen waje. Abin da ba ya shiga buhu bai sami gurbi ba.

Shaidar kan sarki

Tun da tsabar kuɗi ba ta ba mu tsuntsu na gaske ba, dole mai nazari ya juya ga ƙanwarta, wato kan sarki, don ya ga yadda hukuma ke zaɓe idan ta tashi zaɓen tsuntsu. Akwai jeri biyu da suka cancanci a tsaya a kansu.

Na farko shi ne jerin namun daji na 1965 zuwa 1966, zanen wani Bafaranshe, Maurice Fievet. A cikinsa akwai aku a kan nai, akwai gauraki a kan sule da taro, ban da zaki da giwa da raƙumin dawa. Jeri ne na yau da kullum, wanda ake saye a kowane gidan waya, don haka ya shiga ƙauyuka a jikin wasiƙun 'yan ci-rani da na 'yan makaranta. Wannan shi ne babban abin yabonsa. Wasiƙar da ta iso Sule Tankarkar a 1967 da gauraka a goshinta ta iske mutanen da suka san kukansa. Aku kuwa tsuntsun kurmi ne, Bahaushe ya fi saninsa a keji da kuma a littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, amma ko shi baƙo ne da aka saba da shi.

Na biyu ya fito a 1984, kan sarki huɗu, da sunan tsuntsaye masu wuyar samu. Ga su: zalaiɗu a kwabo 10, zakaran ƙeƙuwa a kwabo 25, mulufi a kwabo 30, fakara a kwabo 45. Duk yaron da ya taɓa tsaron gona a ƙasar Gumel zai yi dariya in an karanta masa wannan jeri. Mulufi da damina yana kan kowane karan gero a bakin tafki. Zalaiɗu da dogon bindinsa har cikin gari yake shigowa. Fakara ita ce maharbi ke komowa da ita ran da bai sami abin kirki ba. Babu ɗaya daga cikin huɗun da IUCN ta sa a jerin masu fuskantar barazana, har zuwa yau. Amma a daidai shekarar da aka buga su, ana tsakiyar farin 1983 zuwa 1985, gauraka yana ƙarewa a Nijeriya, kuma ba a sa shi ba. Wanda ya yi zaɓen ya duba kyan launi ne, ya laƙaba masa kalmar da ke jan hankalin mai saye. Wannan ita ce cuta ta farko da ke bin irin wannan sana'a: wuyar samu ta zama kirarin talla, ta rabu da abin da ke faruwa a daji.

Akwai kuma kuskure na biyu, kishiyar wannan, wanda masani ne ke faɗawa cikinsa. In aka ce wa masanin tsuntsaye ya kawo na Nijeriya masu wuyar samu, hankalinsa zai tafi ga 'yan ƙananan nan da kusan ba a samunsu a wata ƙasa: ɗaya a dazukan Ibadan, ɗaya a fadamun kudu wajen Anambara da bakin teku, biyu a duwatsun Jos, waɗanda ɗayansu sai a 1998 masana suka bayyana shi. A wajen ilmi zaɓi ne mai hujja. Sai dai tsuntsaye ne da ba su da suna a bakin yawancin 'yan ƙasa, ba su cikin karin magana, ba su cikin tatsuniya. Lambar da ta ɗauke su za ta koya wa mutumin Gumel cewa ƙarewar tsuntsu wani abu ne da ke aukuwa a nesa, ga wata halitta da bai taɓa gani ba.

Alhali kuwa abin ya auku a ƙofar gidansa, kuma ya faɗa ne a kan waɗanda a da ba a kula da su saboda yawa. Gauraka, wanda ake ɗauka shi ne tsuntsun ƙasa na Nijeriya, a farkon shekarun 1970 ana lissafinsa da dubbai, musamman a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi, da damina kuma yakan bazu zuwa tafkunan tudu. Fari ya zo, aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamu ta ragu, noma ya ci wuraren sheƙarsa, masu kamu suka kwashe sauran suka sayar wa masu hali don adon tsakar gida, inda ba ya hayayyafa. A 1992 aka yi taron ƙasa da ƙasa a Kano a kan makomarsa. Ƙidayar da aka yi a 2000 zuwa 2001 ta nuna waɗanda suka rage a dajin Nijeriya ba su kai ɗari ba. Ungulu, wadda a da ba a raba ta da mahauta, tun 2015 take cikin rukunin waɗanda ke gab da ƙarewa, kuma cinikin kanta da sassan jikinta don tsibbu yana cikin manyan dalilai. Burtu ya shiga jerin masu fuskantar barazana a 2018. Tuje yana bukatar fili mai faɗi da ciyawa, ga shi saura da makiyaya sun zama gonakin riɗi da zoɓorodo, a yankin Gagarawa kuma an ware dubban kadada don noman rake. Jimina kuwa, wadda gashinta ya yi ta tafiya daga Kano zuwa Tarabulus a ƙarni na 19, wadda kuma har yau ake yi wa sarakuna figini da shi, ta daɗe da barin wannan yanki.

Labarin jimina ya ishi mai shakka. A 1968, zamanin Diori Hamani, an buga wa Nijar tsabar zinariya ta masu tarawa mai hoton jiminu. A farkon shekarun 1990, lokacin tawaye, aka karkashe garken ƙarshe na jiminun daji a ƙasar Azbin. Abin da ya rage sai waɗanda ake kiwo a killace, kamar na Kelle a jihar Damagaram, da fatan wata rana a mayar da su daji. Zinariyar tana nan lafiya lau a akwatunan Turai, darajarta ma sai ƙaruwa take yi.

Aikin maƙeri

Ba adalci ba ne a yi sharhin lambobin nan ba a dubi aikin hannun da ke jikinsu ba, domin a nan ne suka fi ƙarfi. Ƙarfe ba shi da launi. Mai sassaƙa hatimin bugu ba shi da abin aiki sai tudu da kwari da ƙyalli, saboda haka tsuntsun da ake gane shi da launinsa ya mutu a hannunsa. A cire wa mulufi jansa, me ya rage? Ɗan tsuntsu ne kamar dubunsa. Wanda ake gane shi da tsayuwarsa kuwa, azurfa ƙara masa kwarjini take yi. Abu markub na Sudan ya yi kyau ne domin bakinsa kaɗai ya isa shaida. Dinyar Gambiya ma haka, ga tsawon wuya ga nauyin ƙirji. Bisa wannan ma'auni, tsuntsayen da ƙasar Gumel ta rasa su ne suka fi dacewa da ƙarfe: tukkun gauraka, ƙahon da ke bisa bakin burtu, miƙewar wuyan tuje, doron ungulu in ta sauka a kan katanga. Yuganda ta riga ta gwada, domin tun 1966 ɗan'uwan gaurakanmu yake kan sulallanta, yana kuma tsakiyar tutarta.

Sai dai akwai wata al'ada a wannan sana'a wadda ta saɓa wa yadda Bahaushe ya san tsuntsu. Mafi tsadar lambobin ana goge hatiminsu ne har ya zama madubi, a buga fiye da sau ɗaya, siffar ta fito fari fat a kan fili mai sheƙi. Tsuntsun yakan tsaya shi kaɗai, ko da 'yar ciyawa a ƙarƙashin ƙafarsa don kada a ce yana rataye. An raba shi da lokaci da wuri. Mu kuwa ba mu san tsuntsu shi kaɗai ba. Shamuwa da damina muka san ta, in ta sauka a kan kukar gari manomi ya fara gyaran iri. Belbela da shanu, carki da bayan sa, ungulu da mahauta, jan baki da kukan masu gero. Sanin da manomi da makiyayi suka yi wa tsuntsu sani ne na dangantaka, kuma dangantakar ce ke tsinkewa kafin tsuntsun ya ɓace. Lambar da ta nuna gauraka ba fadama ta ɓoye ainihin abin da ya kashe shi. Ta yi masa hoto irin wanda ake rataye wa mamaci a zaure.

Daga nan sai maganar taɓawa. Lambar madubi in yatsa ya taɓa ta darajarta ta faɗi, don haka a cikin kwanson roba ake sayar da ita, a sa a akwati mai shimfiɗar ƙyalle, da takardar shaidar adadin da aka buga. Ƙarancin adadin shi ne jarin. Ashe an ɗauki ƙarancin tsuntsu an yi wa ƙarancin lamba ado da shi, mai saye kuma na biyun yake biya. A gwada wannan da dalar Mariya Teresa, wadda ake jefawa a kan dutse a ji amonta, wadda goguwarta ce shaidar ta yi aiki. Ɗaya azurfa ce ta jama'a mai ɗauke da tsuntsun ƙarya, ɗaya azurfa ce ta ɗaki mai ɗauke da tsuntsun gaskiya. Ba a musun cewa shirin 1974 ya tara kuɗi don aikin kare namun daji, kuma kuɗi abin bukata ne. Amma tara kuɗi daban, tunawa daban. Wanda ya sayi dinyar azurfa a London bai taɓa mantawa da dinya ba balle a tuna masa, domin bai san ta ba tun farko. Wanda ya san ta, masunci a bakin Kogin Gambiya, da wuya in ya taɓa ganin lambar.

Abin sha'awa, Gambiyar nan ita ce ta yi abin da ya fi wannan, ba tare da an yi mata shela ba. A 1966 ta sa fakara a kan taronta, da ta koma dalasi a 1971 ta mayar da ita kan butut 10. Ƙaramin kuɗi ne na jan ƙarfe da garwaye, wanda a da yaro kan karɓa canji. A ganina wannan fakara ta fi dinyar azurfa cika sunan lambar tunawa, domin ta shiga tafin hannun mutum dubu ɗari da suka san ta a gona, ta gaya musu cewa abin da ke bayan gidansu ya isa a buga shi a kuɗin ƙasa. Fakarar da Nijeriya ta kira mai wuyar samu a 1984, ita ce Gambiya ta ɗauka saboda kowa ya san ta. Gambiya ce ta faɗi gaskiya.

Matsalar ita ce wannan ƙofa a rufe take a Nijeriya yanzu. Tsabar da Babban Banki ya fitar a 2007, kwabo 50 da naira 1 da naira 2, hauhawar farashi ta kore su daga kasuwa, ba mai karɓarsu a Maigatari ko a wani wuri. Wasiƙa ma waya ta gaje ta. In ana son siffar tsuntsu ta yi yawo a hannu, sai dai takardar kuɗi, ko kuwa lamba mai araha da za a bayar kyauta a makarantu, ko a rataya a kayan doki ran hawan salla, wadda maƙeran fari na gida za su iya yi da farin ƙarfe. Wani zai tayar da maganar hoton abu mai rai, kuma magana ce da ba a tsallake ta a wannan ƙasa. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin cikakkiyar siffa mai inuwa da zanen da ke shafe a jikin abu, suka tsananta a ta farko suka sassauta a na biyu. Inda siffar da ta ɗan taso a jikin ƙarfe ta faɗa, malamai ne za su yanke. Abin da tarihi ya nuna kawai shi ne kakanninmu sun yi ciniki da dala mai hoton mace da gaggafa, sun kuma yi ado da ita.

Maganar suna

Saura abin da ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. A kan sarkin Nijeriya da aka ambata babu sunan tsuntsu da Hausa ko da wani harshen ƙasa. Wannan koma-baya ne ko a ma'aunin 'yan mulkin mallaka, domin aninin da suka fara bugawa a 1907 yana da rubutun Larabci a jikinsa don masu karatun allo su gane. Takardun naira sun daɗe da ajami, a 2007 aka cire shi daga ƙananan aka sa Hausa da Ibo da Yarabanci da boko. Ashe sa harshen gida a jikin kuɗi ba baƙon abu ba ne. An yarda a gaya wa mutum da harshensa nawa ne kuɗin, ba a ga bukatar a gaya masa mene ne a jiki ba.

Illar ta wuce ta ladabi. Idan tsuntsu ya ɓace, sunansa ba ya mutuwa nan take, yakan zauna a harshe kamar kangon gida, wani abu ya tare a ciki. Ɗalibi a yau zai ce wane ya yi shigar burtu, ya kuma yi amfani da maganar daidai, amma a tambaye shi mene ne burtu. Kaɗan ne za su san cewa babban baƙin tsuntsu ne mai tafiya a ƙasa, wanda maharbi ke ɗaura kansa a goshi ya yi rarrafe, namun daji su ɗauka tsuntsun ne ke kiwo. Ungulu da kan zabo ma ta kama wannan hanya. Mafi bayyanar misali shi ne mikiya. A ƙamus ɗin Bargery na 1934 mikiya babbar ungulun nan ce ta daji mai shawagi can ƙololuwar sama, wadda ta fi ta gari girma nesa. A bakin 'yan zamani kalmar ta koma kan jar tsuntsuwar tambarin ƙasa da kuma 'yan ƙwallon Nijeriya. Mikiyar gaske tun 2015 take cikin masu gab da ƙarewa, ta tambari kuwa tana kan kowace takardar gwamnati. Tsuntsun ƙarya ya gaje sunan na gaskiya tun mai sunan bai gama shuɗewa ba. Wannan aikin siffa ne da maimaitawa, kuma shi ne hujjar cewa abin da aka buga a ƙarfe da takarda yana iya juya ma'anar kalma. In yana iya ɓatar da ita, yana iya riƙe ta.

Amma wane suna za a rubuta? Ƙasar Gumel ta Mangawa ce da Hausawa da Fulani. Abin da Bahaushe ya kira gauraka, Bafulatani kumarewal yake ce masa. A cikin Hausar kanta wani ya ce fakara wani ya ce makwarwa. Faɗin lamba bai fi a kewaye shi da yatsa biyu ba, ba zai ɗauki ƙamus ba, dole a zaɓa, kuma kowane zaɓi yana da wanda zai bari a waje. Mafi wuya shi ne inda rabon Hausa da rabon masana ba su hau kan juna ba. Masana sun san manyan tsuntsayen wannan dangi fiye da ɗaya a yankin Sahel, Bahaushe ya ce tuje, ya ware ƙananan ya ce kaɗafkara. Mai zanen da aka ce ya zana tuje zai buɗe littafin Turanci ya ɗauki wanda ya fi burge shi, mai yiwuwa wanda bai taɓa taka ƙasar Gumel ba. Waɗanda za su iya cewa wannan ne namu, da kaka yake zuwa, a irin wannan fako yake kwana, tsofaffin maharba ne na ƙauyukan Sule Tankarkar da Maigatari, kuma mafi ƙanƙantarsu a shekaru ya yi furfura. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri na biyu a kansa zai iya ɗaukar hotunan tsuntsayen nan ya zauna da su, ya rubuta suna da karin sautinsa da jam'insa, da kirari, da lokacin zuwa da na tafiya, da shekarar da kowane ɗayansu ya yi wa tuje ganin ƙarshe.